Shekarar da Rufin Gareji Ya Yi wa Tanimu Kuka

Na san abin da kuka taso kuna ji a bakin tsofaffin kasuwar Kwari. Wai ubanku ya taɓa korar malamai daga wurin addu'ar mamaci a Guangzhou, ya kashe musu wutar shayi, ya wage ƙofa sanyi ya cinye su. Har gobe akwai dattijon da in ya hango ni a masallacin Juma'a yake ce mini Alhaji Korau. Ban taɓa musantawa ba, domin na kore su ɗin. To yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, ɗan'uwanku Nasiru kuma ya sayo mini littafi mai layi da biro uku don in daina damun mutane da surutu, bari in rubuta yadda aka yi. Aji huɗu na tsaya. Duk wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa, kada ya zo ya gaya mini.

Alhaji Tanimu abokina ne tun muna yawo da yadi a kafaɗa. Tare muka fara zuwa Sin, tare muka kama wani gareji a bayan unguwar Dengfeng muna ajiye kaya kafin a loda kwantena. Garejin mota ne na gaske, bango bulo, ƙofar ƙarfe mai naɗewa, rufi kwano tsirara ba silin, sai wasu 'yan tagogi biyu can sama kusa da rufin waɗanda ko kai ba zai shiga ba. Mai shi wata tsohuwa ce da mijinta ya mutu ta sayar da motar. Ayi muke ce mata, haka ake kiran dattijuwa a can, ita kuma ta ce mana lawban, wato maigida, har da ranar da ba mu da ko na abinci. Ni takalma nake saye, kayana suna bakin ƙofa. Tanimu yadi, nasa suna can ƙurya, kusa da wata kujerar roba shuɗiya da yake zama yana jan carbi. Yana da ciwon ƙirji tun yana saurayi. In yana numfashi kana ji daga waje, wani siririn fito kamar buta ta kusa tafasa. Ina tsokanarsa ina cewa ɓarawo ba zai taɓa shigo mana ba, zai zaci da mai gadi.

A farkon sanyin shekarar da nake ba ku labari ya zuba duk abin da ya mallaka a farar shadda, kwali ashirin. Kwana tara bayan an sauke su ƙirjin ya tashi. Ina riƙe da hannunsa a asibiti, ya janye abin iskar daga bakinsa ya ce mini:

"Sabo, farin kaya ne. Kada ka bari ya ga ruwa."

Ina jiran ya yi maganar matarsa Hajiya Binta da yara biyar, ko ya ba ni wani sirri. A'a, shadda. Na ce masa kai ko a nan ma ciniki kake. Ya yi murmushi. Ashe maganar yaran ya yi, domin ban da shaddar nan ba abin da ya bar musu. Da la'asar ya cika. Muka binne shi a maƙabartar Musulmi can wajen gari, a ƙasar da ba ta san sunan kakansa ba.

Kayan suka maƙale. Takardunsu da sunansa suke, ejan ɗinmu na benen Tianxiu ya ce sai magada sun aiko da wasiƙa daga gida, kuma kafin ta iso za a shiga hutun sabuwar shekarar Sinawa, lokacin da garin nan duka yake rufe shago ya tafi ƙauye. Ke nan shaddar za ta yi sanyin nan gaba ɗaya a hannuna. Sai kuma maganar addu'a. Ɗakunanmu na haya ƙanana ne, in mutum shida sun taru maƙwabta sun fara buga bango. Ni da bakina na ce a zo gareji, ai nan ne wurin zamansa. Malam Awudu ya karɓi jagoranci. Mutumin zangon Kumasi ne, aikinsa tura kaya Ghana, amma mahaddaci ne, muryarsa in ya ja aya sai ka tuna zunubin da kai kanka ka manta. Aka yanke kullum daga magariba zuwa isha'i za a yi karatu har kwana arba'in. Isufu ɗan Maraɗi ya kawo risho ɗin gas da babbar buta. Muna shiga mu sauke ƙofa ruf saboda sanyi, mu zauna kafaɗa da kafaɗa.

Washegarin sadakar uku na zo da sassafe na ɗaga ƙofa. Titi a bushe, sama wasai, rabon garin da ruwa ya fi mako biyu. Ina shiga na ji shi. Ɗis. Shiru. Ɗis. Na tsaya ina saurare kamar wanda aka kira sunansa a gidan da ba kowa. Na ɗaga kai. A jikin ƙarfen da ya ratsa rufin, ɗigon ruwa ne sun jeru reras, kowanne yana jiran layinsa, kuma duk a saman kayan Tanimu da kujerarsa. Takalmana na bakin ƙofa ko laima babu. Ɗaya ya faɗo mini a ƙeya. Na wanke gawa ba ɗaya ba ba biyu ba, na san irin sanyin nan.

Amma ni Bakano ne, kuma Bakano ya san kwano. In kwano ya zubar, huda gare shi. Na samo tsani na hau da kaina, da tumbina da komai, na bi ƙusa ɗaya bayan ɗaya. Ba huda. Duk da haka na shafe kan kowace ƙusa da kwalta. Na sauko na dubi 'yan tagogin nan biyu na ce to ku ne munafukan, na toshe su da kwali da salatif. Ƙasan ƙofa ma na cusa tsumma. Na lulluɓe kayan da tamfol na ɗaure tam. Na tsaya na dubi aikina na ce ko sauro sai ya nemi biza. Washegari ruwan ya ninka.

Labari ya bazu kafin azahar. Isufu ya tara hannu ya lasa, ya daɗe yana tauna bakinsa.

"Patron, ba gishiri," in ji shi, haka 'yan Nijar ke kiran maigida. "In hawaye ne, ba na mai rai ba ne."

Na ce masa ya koma kan butarsa. Amma ni ma da ba kowa na lasa. Ɗanɗanon tsatsa ne da wani abu kamar tsohuwar rijiya.

Malam Awudu ya zo ya tsaya ƙarƙashin ƙarfen, ya cire hula, ɗigo ya sauka a tsakar kansa. Bai goge ba. Ya ce bawan Allah nan ya rasu a baƙuwar ƙasa, ba mamaki yana bukatar ƙari. Aka ƙara. Mu goma muka fara, kafin mako mun haura talatin, har da 'yan kasuwar Baima masu sayen riguna da ba su taɓa ganin Tanimu ba. Buta ɗaya ta zama biyu. Wani ya ɗauki nauyin shinkafar sadaka, ita ma a ciki ake dafawa don kada ta huce. Ana karatu fitila tana yin dishi-dishi saboda tururi, kowa yana jin daɗin ɗumin. Da safe kuwa rufin nan gaba ɗaya sai ya yi ƙyalli kamar bayan kifi, yana zuba ta ko'ina, amma ya fi tsananta a ƙuryar Tanimu. Rana ɗaya ce ba a taru ba, an yi suna a gidan wani ɗan Zinder kowa ya tafi can. Washegari rufi ƙayau. Da na gaya wa Malam sai idonsa ya ciko.

"Alaji, ka gani? In mun yi shiru ya yi shiru. In mun karanta ya amsa."

Ku da kuka yi boko kuna dariya yanzu, na sani. Ni a ranar ban yi dariya ba, don maganar ta zauna daidai. Daga nan mutane suka rabu biyu. Wasu suka ce rahama ce take sauka, suka fara jera robobin ruwa a ƙasa suna tara, har da mai aika wa uwarsa Agadez. Wasu kuma suka ce mamaci ba ya kuka a kan kayansa haka kawai, sai in an taɓa amana. Ba wanda ya faɗa a gabana. Sai dai in na shiga gidan abinci a unguwar Xiaobei hira ta mutu, kowa ya tuna yana da waya. Na fara tsoron zuwa garejin da safe ni kaɗai, kuma dole ni kaɗai zan zo, mabuɗi a hannuna yake. Ina ɗaga ƙofa sai na yi sallama. Wata rana na kama kaina ina tsaye ina jiran a amsa.

Ranar ashirin da shida Hajiya Binta ta bugo daga Kano. Ta yi godiya, ta ce ta ji irin karatun da ake yi wa maigidanta. Sannan ta sassauta murya.

"Alhaji, kayan yaran suna nan lafiya?"

"Lafiya lau, Hajiya."

Ina ajiye wayar na tafi na kwance tamfol ɗin da na yi kwanaki ina tsoron ɗagawa. Wari ne ya fara tarbata, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Cikin tamfol ɗin kansa jiƙe yake sharkaf. Kwalin sama ya yi laushi, yatsana ya shige ba turjiya. Na zaro turmi ɗaya na warware. Farar shadda mai tsada ta yi ɗigo-ɗigon baƙi, a wani wurin sun taru guri biyar kamar an dafa da hannu. Na buɗe na biyu, haka. Na uku bai kai ga kamuwa ba amma ya yi sanyi. Na zauna a ƙasa. Abu ɗaya mutumin nan ya roƙe ni a duniya, da sauran iskar da ta rage masa.

A haka Ayi ta same ni. Ta zo manna jajayen takardun sabuwar shekara a jikin ƙofa. Ta leƙo, ta ga robobi a jere, ta ga tagogi a toshe, ta ga risho da tukwane da tabarmi a naɗe tuli. Ta dubi sama. Ta dube ni irin kallon da uwarku take mini in na saka hula a baibai. Ta ɗauki murfin tukunyar Isufu, wanda ya kwana ya yi sanyi, ta kawo shi dab da hancina, ta hura masa iska sau uku. Ya yi gumi. Ta shafa da yatsa ta nuna mini ruwa. Sannan ta nuna bakina, ta nuna buta, ta nuna rufi.

"Mutum ɗaya, meyo," in ji ta da 'yan kalmomin da muke haɗawa da su, meyo wato babu. "Mutum biyu, meyo." Ta buɗe yatsunta goma sau uku, ta yi alamar ruwa yana zuba.

Sauran ta faɗa wa wayarta, wayar ta faɗa mini da Turancin da ya fi nawa kaɗan. Ruwan ba daga waje yake ba. Numfashinmu ne da tururin shayi da na shinkafa suke tashi su tarar da kwano mai sanyi, su kwana a jikinsa, gari na wayewa su dawo mana. Ƙuryar Tanimu ce rufin ya fi gangara kuma iska ba ta kaiwa, shi ya sa can suke taruwa. Tagogin da na toshe, mijinta ya fasa su don wannan. Magani, a buɗe su, a fitar da wuta, a cire tamfol, a ɗora kwalaye a kan katako nesa da bango, a kunna fanka. Maganin dindindin kuma a manna soso mai fuskar azurfa a cikin kwanon, ba a bar ko ɗan wuri tsirara ba. Na ce a kira masu mannawa yau. Ta ce meyo, duk sun tafi ƙauye sai bayan biki. Kafin nan fa? Ta nuna tulin tabarmi, ta nuna titi.

Saura kwana goma sha huɗu arba'in. Na yini ina juya abin. In na bar su, yaran Tanimu za su gāji tsumma. In na kore su, na kori Alƙur'ani daga kan abokina, kuma masu cewa na ci amana sun samu shaida. Da magariba suka taho suka tarar da ƙofa a sama, fanka tana kaɗawa, risho da butoci a waje. Na tsaya a bakin ƙofa na yi musu bayani, har da murfin tukunya na ɗauko na hura. A hannun Ayi abin ya yi kama da ilimi. A hannuna ya yi kama da tsoho yana wasa da murfi.

Malam Awudu ya saurara har na gama, sannan ya ce a hankali:

"Alaji Sabo, numfashin da ya ɗauko maganar Allah, shi ne zai lalata kayan marayu?"

Da na yi shiru da ya fi. Amma kun san ubanku.

"Malam, kwano bai je makaranta ba. Bai san bambancin karatu da tari ba."

Ba wanda ya yi dariya. Isufu ya sunkuya ya ɗauki butarsa. Wani daga baya ya ce dama mai abin ɓoyewa ba ya son jama'a. Malam ya daɗe yana duban ƙuryar nan ta bayan kafaɗata, ya ce Allah ya jiƙan Tanimu, ya juya. Sun ƙarasa kwanakin a saman wani gidan abinci, ba a gayyace ni ba. Shekara shida muna haɗuwa da shi a lif ɗin Tianxiu, ya amsa sallamata don wajibi ce, daga nan ba ƙari. Ya rasu a Kumasi ban nemi afuwarsa a kan maganar tarin nan ba. Korar ba na nadamarta. Maganar ce take ci na har yau.

Rufi kuwa ya bushe tun daren farko. Na shanya abin da ya yi sanyi, na ware kwali biyu da suka kamu, waɗanda daga baya aka rina su shuɗi a Kano aka sayar. Sha takwas suka isa hannun Hajiya Binta farare tas. Wannan shi ne abin da nake so ku sani, kuma da ni mai hankali ne da a nan zan rufe littafin.

Ragowar kwanakin ni kaɗai na yi masa karatun, da ɗan abin da na iya. Ina zama a bakin ƙofa, a buɗe, rabin jikina a titi, ba wuta ba shayi, in gama in tafi. Kwana goma sha uku ina zuwa da safe ina shafa ƙarfen nan da hannuna, ƙura kawai. Ranar arba'in na ɗaga ƙofa, na manta ban yi sallama ba. Kwalaye a bushe. Ƙarfe a bushe. Fanka tana juyawa. Sai na ji ɗis. Can saman kujerar shuɗiya, wuri ɗaya da bai fi faɗin faifai ba, kwanon ya yi gumi, ɗigo manya-manya, kujerar ta tara ruwa a tsakiyarta. Rabon da wani ya zauna a kanta tun ranar da muka kai shi asibiti. Ko masu karatu ba sa taɓa ta. Na tsaya cik. A cikin ƙarar fankar akwai wani siririn fito, yana shiga yana fita.

Na je na kira Ayi, tunda ita ce malamar. Ta zo tana masifa, ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi tagogi a buɗe, ta dubi inda risho yake a da, ta dubi rufin. Ta tambaye ni mutum nawa jiya. Na ɗaga yatsa ɗaya, na nuna mata inda na zauna.

"Mutum ɗaya, meyo," ta ce, amma ba da muryar ranar nan ba.

Ta daɗe tana kallon kujerar. Ba ta shiga ba. Ta gyara jar takardar da ta fara ɓallewa a jikin ƙofa, ta danna ta da tafin hannu sosai, ta tafi. Bayan biki masu soso suka zo suka manne rufin, ba a sake ganin ɗigo ba har muka bar wurin. Kujerar na bar mata. Ta ce ba ta so. Ina jin tana nan.

Na ba Nasiru labarin nan lokacin da ya gama digirinsa na injiniya. Ya ce Baba, daren ne ya fi sanyi, ƙasa tana da sauran laima, fiton kuma iska ce a taga. Na ce madalla, kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. Wataƙila haka ne. Ni dai shekara talatin ina jin numfashin mutumin nan a gefena, a mota, a jirgi, a sahu, kuma ni na buɗe tagogin da hannuna, na san kukan da suke yi.

Saboda haka in tawa ta zo, ku yi mini addu'a a tsakar gida, a fili, ku bar wa malamai shayinsu. In kuma kun wayi gari kun ga rufi yana ɗiga ba hadari, ku fara janye kayan mutane tukuna. In kun gama, ku yi sallama.